Romon da Ka Zuba a Waken Siriya

Ajame, Abijan, ranar Talata.

Zuwa ga Ɗanlami, a Buwake.

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tsare matafiyi da mazaunin gida. Ina gaishe ka, uwarka tana gaishe ka, matarka Hadiza tana gaishe ka, tana nan tana wankan jegonta lafiya. Ina roƙon Allah ya sa jirgin ƙasa ya sauke ka lafiya, ruwan garin ya karɓe ka, ya tsare ka daga zazzaɓi da mugun aboki da sharrin zuciyarka.

Bayan gaisuwa, ka nemi wuri ka zauna, don takardar nan doguwa ce kuma ba za ta yi maka daɗi ba. Ka san sai da furfura ta fito mini na zauna a bencin makarantar yamma, hannuna ba shi da sauri, kowane layi na sha wahalarsa. Kada ka karanta ta a tsaye.

Mai sunana yana nan kusa da ni a kan tabarma, ya dunƙule hannu kamar ɗan dambe. Tun ranar Alhamis da liman ya raɗa masa Abubakar ƙafata ba ta taka ƙasa daidai ba. Na raba goro har ga mutanen da ban sani ba, na tsayar da wani Bajule mai keke a hanya na ce masa na yi jika, ya ce Allah ya raya, ya dube ni kamar mahaukaci. Na ce wa uwarka, "To, ga wanda zai ƙwace mini ke ya iso." Ta ce, "Ai gara shi, ko ba komai ba ya minshari." Ban san ana jin irin wannan daɗi a duniya ba. Kuma a tsakiyar wannan daɗi ne ka watsa mini ƙasa a ido.

Bari in faɗa maka abin da ka yi, don kada ka ce ba ka gane ba.

An yanka ragon suna, an raba nama ga maƙwabta yadda aka saba. Sai na tuna da Madam Warda, Basiriyar da na yi wa aikin kuku shekara goma sha huɗu a bayan kantinta na unguwar Tireshbil. Tana cikin babban azuminsu na Nasara, wanda ba su cin nama, ba su cin ƙwai, ba su taɓa man shanu sai sallarsu ta Faka ta zo. Ba a aika wa mai irin wannan azumi cinyar rago. Na ce maka, "Ni baƙi sun riƙe ni. Ka yi mata rufaffiya." Ka san abin da nake nufi, tukunyar waken Siriya da kayan lambu da ake rufewa da ƙullin alkama a gasa, wadda Faransawa ke ce wa turt. Da ita na yi suna a garin nan, har ma'aikatan jirgi Musulmi suke saye hannuna ido rufe, don sun san ba nama ba kitse a ciki. Kai kuwa ka shiga madafa, ka ga romon ƙasusuwan ragon da uwarka ta ajiye gefe, ka ɗauki ludayi ka zuba.

Ranar Juma'a na sauka unguwar Filato, na haye gada, na je yi mata godiyar turmin atamfar da ta aiko wa mai jego. Na tarar ta ajiye mini yanki ɗaya a faranti. Tana dariya ta ce, "Ɗanɗana, Habu. Ɗanka ya wuce ka, ka tsufa." Ta ce har ta rubuta wa ɗan ƙanenta na Buwake da ke neman kuku, ta ce masa ta samo masa yaro mai hannu mai amana. Na kai loma baki. Ɗanlami, kitsen rago idan ya huce ba ya ɓuya, maƙalewa yake a ganɗa. Ita da zafi ta ci, kuma harshenta ya tsufa. Ni shekara talatin ina ɗanɗana tukunya. Kafin in haɗiye na san abin da ka yi.

Ga kuskurena na farko, kuma shi ne mafi sabo. Na haɗiye, na ce, "Madalla." Na dawo gida na same ka kana ɗaure tabarma, na dube ka na yi shiru. Ranar Lahadi na raka ka tashar jirgi, na riƙe maka akwati, na yi maka addu'a, na yi shiru. Ina son aikin nan ya zama naka, kuma ba na son wani abu ya ɓata mini makon jikana. Kwana uku na yi ina ɗauke da ƙaryarka kamar tawa ce, kuma ta zama tawa ɗin. Don haka ka ji: in ka ga ɓarna, ka faɗa a ranar. In ta kwana a bakinka, kai ma ka yi ta.

Yanzu ka duba inda ka tsaya. Gidan da ka shiga su ma azumin suke yi, kuma da sauran makonni. Ranar Juma'a mai zuwa uwargidan za ta ce ka yi musu rufaffiyar da gwaggo ta yaba a takarda. Za su jira wancan ɗanɗano. Na san abin da zuciyarka take raɗa maka, tana cewa ka sayi ƙashi a ɓoye a kasuwa, wa zai sani? Aikin da ka samu da ludayin sata sai ka riƙe shi da ludayin sata kowace Juma'a, har ranar da za a kama ka, a jefo maka akwati waje a garin da ba ka da kowa. Shi ya sa na zauna rubutu. Zan koya maka abin da na ɗauka ka iya tuntuni, kuma zan koya maka shi ta hanyar wautar da ni na yi, don ita ce kaɗai makarantar da na gama.

Ka fara da waken. Shekarar da na shiga gidan Madam, girman kai ya hana ni tambaya. Na ga wake, na ce ai wake wake ne, mu da muka tashi a Tasawa wa zai koya mana dafa shi? Na zuba shi busasshe a tukunya, na watsa gishiri, na hura wuta. Tun hantsi har azahar yana nan kamar tsakuwa. Marigayi mijinta ya tauna ɗaya ya riƙe muƙamuƙi, ya ce, "Habu, harsashi ka dafa mana? Yaƙi za mu?" Kunya ta sa washegari na ɗebo kanwa cike da tafi na zuba. Ya fito baƙi, ya narke, yana warin sabulu, ko kajin gidan sun ƙi shi. Sai a rana ta uku na sunkuyar da kai na tambaya, aka faɗa mini cikin numfashi ɗaya abin da ya ci mini kwana biyu. Ka jiƙa shi tun la'asar ya kwana, ruwa ya haye shi da faɗin tafi, don yana kumbura. Da safe ka zubar da ruwan jiƙon, ka sa sabo, ka jefa kanwa kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya, kada ta wuce haka. Wuta kaɗan, ka riƙa kwashe kumfa. Gishiri kuwa sai waken ya fara murƙushewa tsakanin yatsu. In akwai abin da ba ka sani ba a gidan nan, ka tambayi uwargida, baki bai taɓa kashe kuku ba.

Ruwan da waken ya dahu a ciki kuwa, kada ka kuskura ka zubar. Sau nawa na gan ka kana tsiyaye shi a kwata, sakarai? Shi ne romonka! Allah ya ba ka romo na halal a cikin tukunyarka, ka watsar, ka je ka saci na rago.

Sai albasa, kuma a nan ne malalaci yake faɗuwa. Daɗin da nama yake bayarwa, a wannan girki albasa ce take bayar da shi, amma ba ta bayarwa ga mai gaggawa. Wata Lahadi ana kokawa a filin Tireshbil, wani ɗan ƙasarmu zai kama da wani ƙato ɗan Mosi, ina jin ganguna daga madafa. Na ƙara gawayi, na yi fifita don in gama in tafi. Gefen albasar ya ƙone, cikinta ɗanye. Na ce barkono zai rufe, na zuba barkono. Aka kai tebur. Can Madam ta sauko da tukunyar a hannunta, ta ajiye gabana da cokali, ta ce, "Ci." Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Mu ma." Ta tsaya a kaina sai da na ci rabi, ɗaci da yaji, hawaye na zuba, kokawar ma ban gani ba. Ka yanka albasa da yawa, fiye da yadda kake gani ya isa, sirara. Man gyaɗa, wuta ƙasa-ƙasa, ka riƙa juyawa har ta saki jiki ta yi launin dabino. Za ta ci maka lokacin da mutum zai taka daga gidanmu zuwa gada. Ka ba ta. In kana da wurin zuwa a ranar, to ka dafa musu shinkafa, kada ka fara rufaffiya.

Idan ta yi, ka sa tafarnuwa, da kauɗar tumatir da ka jiƙa ka daka, da daddawa kamar kan yatsa, wadda Julawa ke ce wa sumbala, a kasuwar Buwake ba za ka rasa ta ba. Daddawar nan dabarata ce, Siriyawa ba su san ta ba. Amma ka ji yadda na shigar da ita: na kai wa Madam a tafin hannu, ta toshe hanci, na ce mata 'ya'yan ɗorawa ne, ba dabba a ciki, na nuna mata ƙwayar. Sai da ta ce to na sa. Kai ma haka za ka yi. Duk abin da ba za ka iya ɗora wa uwargida a tafin hannu ba, ba shi da wuri a tukunyarta. Daga nan ka barbaɗa garin alkama cokali ɗaya a kan albasar, ka juya ya ɗan soyu, ka riƙa zuba ruwan waken kaɗan-kaɗan har ya yi kauri. Ka ɗebi ludayi guda na waken ka murƙushe ka mayar, shi zai ba miyar jiki.

Kayan lambu ba sai na daɗe ba, ka iya. Karas da dankali su fara shiga, kabewa ta biyo, kabeji da alayyafo a ƙarshe. Yalo ka soya shi daban ya yi ja kafin ya shiga, in ba haka ba ruwa zai sakar maka. Kada ka bari su nuna sarai, don za su ƙarasa a ƙarƙashin rufi. Ka sauke, ka matsa lemun tsami, ka ɗanɗana gishiri.

Sa'an nan ka bar shi ya huce. Ka ji ni? Ya huce sarai. Akwai ranar da baƙi suka sauko daga jirgin ruwa, 'yan ƙasarsu, Madam tana son ta nuna musu kukunta. Na makara, na shimfiɗa ƙullin a kan miya tana tururi. Tururin ya jiƙa ƙullin, rufin ya nutse, abin da na buɗe a gaban baƙi ya fi kama da fate. Maimakon in ce ni na yi gaggawa, sai na ce garin da aka saya ne ba shi da kyau. Madam ta aika aka mayar wa mai kanti da buhunsa, suka yi shekara ba su gaisawa, a kan laifin da nawa ne. Har yau in na wuce ƙofar kantin nan sai na sauya gefen hanya. In girki ya ɓaci a hannunka, ka ce hannuna ne. Za a yi maka faɗa na yini ɗaya a manta. Wanda ka ɗora wa laifin kuwa ba zai manta ba, kai ma ba za ka manta ba.

Ƙullin rufi, tun da yaƙin nan ya sa alkama ta zama magani, ka haɗa kashi biyu na alkama da kashi ɗaya na garin rogo mai laushi, ka tankaɗe sau biyu. Man gyaɗa, gishiri, ruwan randa mai sanyi. Ka haɗa shi da kan yatsu, kada ka murje shi kamar na burodi. Ka shimfiɗa da kwalba, ka rufe tukunyar, ka manne gefe, ka tsaga tsakiya da wuƙa don tururi ya sami hanya. In ba su da tanderu, tukunyar ƙarfe mai murfi ta isa: garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfi, kuma ka riƙe hannunka, kada ka yi ta buɗewa kana leƙe.

Ina rubuta maka wannan ina jin haushin kaina, don rufi ba abin da zan koya maka a kai. Ga wani kuskuren nawa, kuma uwarka ta daɗe tana faɗa mini shi. Kana da shekara goma sha bakwai ka yi rufin da ni ban taɓa yin kamarsa ba, yana ɓarewa ganye-ganye. Ka kawo mini kana kallon fuskata. Na juya shi, na ce, "Gefen nan ya ƙone." Ka tafi. Na zagaya bayan ɗaki na cinye yanki biyu. Uwarka ta gan ni, ta ce, "Malam, bakinka ya iya ci bai iya yabo ba. Wata rana yaron nan zai je neman yabo inda bai kamata ba." Na ce mata yabo yana lalata ɗa, haka ubana ya yi mini. Ta ce, "To ai ga ka nan, an ga amfaninsa." Ban taɓa ce maka hannunka ya yi ba, ko sau ɗaya, ina ganin kunyar ɗan fari ce. Wataƙila da ka ɗaga ludayin nan, abin da kake so shi ne wani a duniya ya ce ka wuce ubanka. To ga shi a rubuce, ka ajiye: a rufi ka wuce ni tun shekara bakwai da suka shige. Rufin da Madam ta ci ranar suna naka ne, ba sata a cikinsa, shi kaɗai ya isa ya sama maka aikin. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Kana da abin hannunka, ka je ka ɗora masa ƙazanta. In mai sunana ya girma ya kawo maka abin da ya yi, ka buɗe baki ka yaba masa tun yana tsaye a gabanka.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Ko ka ce ai ita ba Musulma ba ce, azuminta ba azumi ba ne? In ka taɓa faɗin haka a gabana sai na manta ka yi gemu. Ka san wace ce matar nan? Mijinta yana son naman alade kamar ransa. Ranar da na fara aiki ta ce masa, "Ba a madafar Habu ba." Shekara goma sha huɗu in ya so sai ya tafi otel a Filato ya ci ya dawo, ko kitsensa bai taɓa shiga kaskona ba. In watan Ramadan ya kama, ita take saukowa da kanta da ƙafarta mai ciwo ta ɗanɗana mini gishiri, don kada in kai cokali baki. Ta tsare mini azumina shekara da shekaru, ɗana ya karya mata nata da ragon jikana.

Kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan kafin jiya ban taɓa faɗa wa kowa ba, har uwarka. A shekarata ta biyu a gidan, kafin in gane sirrin albasa, rufaffiyata ba ta da daɗi, suna ci suna ture faranti. Na ji mijin yana zancen wani kuku ɗan Dahome da ke neman aiki. Kana ƙarami, ƙannenka biyu suna bayanka. Tsoro ya kama ni. Na sayi ƙashin saniya, na dafa a gida, na kawo romon a kwalba cikin riga. Duk Juma'o'in azumin shekarar haka na yi. Suka yaba, aka bar zancen ɗan Dahome. Shekara ta zagayo na koyi yin ta da gaskiya, na daina, na ce a raina ya wuce. Ashe bai wuce ba, yana nan yana jira ya fito ta hannunka.

Jiya Litinin na kasa zama. Na ɗauki mai sunana, na dubi fuskarsa, na ji ba zan iya kiransa da sunan nan ba alhali na san abin da na sani. Na miƙa wa uwarka shi, na sa hula, na haye gada.

Na same ta a bayan kanta tana auna wa wata mata yadi. Na jira matar ta fita. Na ce, "Madam, rufaffiyar ranar suna akwai romo a ciki." Ta cire tabarau. Ta ce, "Na ragon?" Na ce, "Nasa." Ta ajiye almakashin hannunta. Ta ce, "Ka san don wa na ɗauki azumin bana." Na sani. 'Yarta tana can ƙasarsu, tun da yaƙi ya rufe teku ba ta sami layi ɗaya daga gare ta ba, kuma ta yi alkawari tsakaninta da Ubangijinta ba za ta karya ko yini ɗaya ba. Ta ce, "Kai ka sani ranar Juma'a?" Na ce, "Na sani." Ta ce, "Ka ce madalla." Na ce, "Na ce."

Da na ga bakina ya buɗe, sai na ƙarasa, na faɗa mata na kwalba. Na yi zaton za ta ce ta daɗe da sani, ko ta yi dariya ta ce tsohon zance. Ba ta sani ba, Ɗanlami. Ta zauna a kan ƙunshin yadi. Ta ce, "Sau nawa?" Na ce, "Duk Juma'o'in azumin shekarar." Ta ce, "Ina saukowa ina ɗanɗana maka gishiri?" Na ce, "Kina saukowa." Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta yi ta ninke yadin da ya riga ya ninku.

Ga hukuncin da ta yanke, ka karanta shi sau biyu. Ta ce ba za ta rubuta wa ɗan ƙanenta ba, don ba ta so ta tsige abinci daga bakin jariri. Amma kai da bakinka za ka faɗa masa, shi da matarsa, kafin ka hura wutar Juma'a. In sun kore ka, ikonsu ne. In sun bar ka, ka yi musu girkin da gaskiya, uwargidan tana tsaye in ta so. Ranar Faka zai sauko Abijan gaishe ta, za ta tambaye shi abin da ya ji daga gare ka. In bai ji komai ba, ita za ta faɗa masa, kuma ta ce daga nan har Bobo, can ƙarshen layin jirgi, ba Basiriyen da zai ƙara buɗe maka ƙofar madafa. Ka san tana iyawa.

Ni kuma da na miƙe zan fita ta ce, "Habu." Na juyo. Ta ce, "In gaisuwa ce ka zo, ƙofa a buɗe take. Amma kada ka ƙara kawo mini abinci." Shekara ashirin ke nan ba a yi azumin da ba ta ci daga hannuna ba. Na taka daga Tireshbil har Ajame ban san na wuce kasuwa ba.

Nawa ya ƙare, ba gyara. Naka ne da saura, daga yau zuwa Juma'a. Na ba mai duba tikiti na jirgin gobe takardar nan, ya ce zai sa maka ita a hannu, don haka kada ka ce ba ta iso ba. Ka yi alwala, ka sa rigarka mai tsabta, ka tsaya gaban mutumin ka ce, "Na zuba romo a abincin gwaggonka tana azumi, na ɓoye." Kada ka ƙara, kada ka ce mantuwa ce, kada ka ce ubana ma ya yi. In ya kore ka, ka hau jirgi ka dawo, akwai gawayi da tukunya a gidan nan, za mu tsaya tare a bakin tasha mu sayar, ba zan ji kunyarka ba. In kuwa ka zaɓi ka yi shiru, to ka sani idan Hadiza ta yi arba'in ba zan ɗora ta a jirgi ba, ba zan ɗora yaron nan ba. Ba za a ciyar da mai sunana da abin da aka samo ta wannan hanya ba ina raye. Uwarka ta yi kuka, ta ce na cika tsanani, ɗa da ubansa ba a raba su. Na ce ba ni zan raba su ba, amsa tana Buwake.

Ina jiran layi biyu daga gare ka, ba na son dogon bayani. Na faɗa, sun ce kaza. Shi ke nan.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare hannunka daga abin da ba naka ba, ya ba ka ƙarfin buɗe baki ranar da za ka tsaya a gabansu. Allah ya kawo wa matar nan labarin 'yarta, ya yafe mini abin da na yi mata. Allah ya raya Abubakar, ya sa ya fi ubansa da kakansa gaskiya. Ka kwana lafiya, ka tashi lafiya, kuma ka jiƙa waken tun la'asar ɗin Alhamis.

Ni ne ubanka,
Habu Kuku.